Gurasar da Ta Ɗaure Bakin Aka Boymurod

Har yau idan aka ambaci sunan Aka Boymurod sai na rasa ko tsine masa zan yi ko kuka. Yawanci tsinuwar ce take riga fitowa. Aka a wurinmu yaya ake nufi, haka ake kiran namijin da ya girme ka. Sunana Safarmoh, ni ce na buɗe gidan abinci da kwana a bayan gadar ƙarfe, idan ka taso daga Dushanbe za ka Hujand. Duk mai gida irin nawa a kan hanyar nan ya san arzikinsa a bakin tsohon nan yake, ni ma ban fi ƙarfin haka ba.

Direban babbar mota ne tun yana saurayi, tun kafin a huda dutse a yi wa hanya rami, lokacin da mota ke hawa saman tsauni tana nishi. Abincin hanya ne ya lalata masa ciki, har sai da likita ya tsaga shi ya cire abin da zai cire. Ya ajiye tuƙi, amma zaman gida ya gagare shi. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce idan ya yi kwana biyu a gida sai ya fara ɗanɗana miyarta yana girgiza kai, ita kuma ba za ta ɗauka ba. Sai ya koma hanya. Ya shiga motar haya, ya sauka a gidan abincin da ya ga dama, ya ci, ya kwana, da safe ya ɗaga wayarsa ya tura saƙon murya a zauren direbobi.

Ba ya tauna magana. Na taɓa jin wani saƙonsa a motar da na shiga, fasinjoji har da masu riƙe ciki don dariya.

"Gidan da ke gaban gidan mai," in ji shi, "ragon da na ci jiya ya girme ni. Shayin kuwa na shekaranjiya ne, mun gaisa, ya gane ni. Katifa akwai masu gida a ciki, kuma ba sa son baƙo. Duk wanda ya kai matar mutane da 'ya'yan mutane can, Allah ya isa tsakanina da shi."

Yabonsa kuma ba ya wuce kalma biyu. Zai faɗi sunan gida, ya ce, "Ku tsaya." Shi ke nan. Wanda ya samu kalmomin nan biyu sai ya ƙaro tukunya, domin a hanyarmu fasinja ba ya zaɓen wurin cin abinci. Direba ne ke taka birki, inda ya taka nan kowa zai ci, ko yana so ko ba ya so. Su kuwa direbobi sun yarda da Aka Boymurod fiye da yadda suka yarda da hancinsu, saboda sun san ba a sayensa.

An gwada sayen nasa, ba a bari ba. Kuɗi ba ya karɓa, wannan kowa ya sani, don haka sai aka bi ta gurasa. A wurinmu idan mai gida ya gutsura gurasa da hannunsa ya ajiye maka, ka ɗauka ka ci, to ka zama baƙonsa, bakinka ba zai ƙara faɗin aibin gidan ba har abada. Wanda ya yi haka ko 'ya'yansa sai sun ji kunyar fita kasuwa. Shi ya sa Aka Boymurod yake yawo da gurasarsa a ɗaure cikin ƙyalle a ƙugu, wadda 'yarsa Mehrangez ke gasa masa. Yakan ce, "Miya da nama ciniki ne, na biya na ci. Gurasa kuwa zumunci ce, ban zo neman dangi ba." Wani mai gida ya taɓa marmashe gurasa a cikin farfesu don ya yi masa dabara. Tsohon ya juya cokali sau ɗaya, ya ture kwanon, ya kwana da yunwa, da safe ya faɗa wa direbobi abin da aka yi masa. Gidan nan bai kai kaka ba.

To ni ga yadda nawa lamarin yake. Mijina Nazarali yana Rasha yana ɗaukar bulo a gine-ginen mutane, ya daɗe har 'yar autarmu ba ta san ƙamshin jikinsa ba. Da abin da yake aikowa muka tayar da 'yan ɗakunan kwana da rumfa da tanderu a bakin titi. Muka yi magana da shi ƙarara: idan motoci suka tsaya mana bazara guda, zai tattara ya dawo gida gaba ɗaya, ya riƙe nama ni na riƙe tukunya. Idan ba su tsaya ba, sai ya ƙara wani hunturun a can, shi da ƙirjinsa da ba ya son sanyi.

Na buɗe da narkewar ƙanƙara. Na ci karo da Aka Boymurod a kasuwa yana matsa karas yana harararsa, na gaishe shi, na ce, "Aka, na buɗe gida a bayan gada, ko za ka leƙo mu?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ƙanwata, ni ba a gayyata ta. Zan zo ranar da ba ki shirya ba."

"Kullum a shirye nake."

"Haka kowa ke cewa, har mai tsohon rago."

Na koma gida ina jin haushinsa ina kuma jin daɗi. Kullum sai na fitar da katifu rana, na sauya mai, na ƙi ajiye nama ya kwana. Ɗan abin da ake samu daga masu motar kansu da makiyaya shi ke riƙe mu. Ina jiran tsohon nan kamar yadda ake jiran ruwan shuka.

Can sama da mu, a bakin ramin dutse, akwai gidan Hoji Kurbonali, wato Alhaji a bakinmu. Gida ne babba mai fitilu kala-kala, da wurin feshin ruwa a tsakar gida wanda ban taɓa ganin ruwa a cikinsa ba. Man da ake suya da shi baƙi ne kamar na inji, shinkafar da ta rage jiya ita ce ta yau, barguna kuwa tun da aka saye su ba su ga sabulu ba. Aka Boymurod ya sha faɗin haka, kuma motocin haya sun daɗe da daina tsayawa. Hoji yana ganinsa sai ya sha mur ya kau da kai.

Sai ga shi ɗan Hoji, Sorbon, ya haɗu da Mehrangez a makarantar jinya a Dushanbe, suka so juna. Yaran ba su da laifi, ban taɓa cewa suna da shi ba. Sorbon yaro ne mai kunya, ban san inda ya samo ta ba. Amma uban, wanda kowa ya san 'yar mai kuɗi yake nema wa ɗansa, rana ɗaya sai aka ji ya amince, har yana gaggawar a sa rana. Duk mai hankali ya gane abin da yake so, kuma ba suruka ba ce.

Ranar baiko ina cikin matan da aka kira taya girki, don haka da idona na gani ta labule. Dattijo ya ɗauki gurasa ya yi addu'a ya karya ta, kamar yadda ake yi idan gida biyu za su zama ɗaya. Hoji bai bari an rarraba ba, ya miƙa hannu ya gutsura da kansa, ya ajiye a gaban Aka Boymurod. Gurasar daga tanderun gidan abincinsa aka kawo ta, ya tabbata kowa ya ji haka. Tsohon ya ɗauka ya riƙe yana kallo. Mehrangez tana tsaye kusa da ni, ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Uwa ba ta da ita, uban nan shi ne komai nata. Ya kai baki ya tauna, aka shafa addu'a, Hoji ya yi murmushin da har yanzu nake son na goge masa shi da ludayi.

Daga ranar Aka Boymurod bai ƙara ambaton gidan Hoji ba, da alheri ko da sharri. Direbobi suka sa shi gaba da tsiya.

"Aka, yaya gidan surukinka, mu tsaya?"

"Hanya ta yi kyau yau, ba zaftarewar dutse."

"Ba hanya muka tambaya ba, farfesu muka tambaya."

"Ka kula da tayarka ta baya, ta yi sanƙo."

Kowa ya fahimci shirun, motoci suka ci gaba da wucewa. Da abin ya tsaya nan da ban rubuta wannan ba. Amma Hoji ba don shiru ya karya gurasa ba. Abin da ya biyo baya daga bakin Aka Boymurod na ji shi daga baya, a kan barandata.

Hoji ya same shi a gida, ya zauna ya sha shayi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Surukina, shirun nan naka ya fi zaginka ciwo. Da kana zagina ana cewa gaba ce. Yanzu cewa ake ko surukinsa ya kasa yabonsa."

"Hoji, ba ni madafarka na 'yan kwanaki. Na zubar da man nan, na ƙona katifun nan, na kori mai dafa maka. Ranar da na gama zan yabe ka da gaskiya, har na rantse."

"Uban amarya ya shiga madafata da tsintsiya? Mutane su ce me? Haba, ai ba a yi mini wannan cin fuskar ba."

"To me kake so?"

"Ni ba na son komai. Uwar yaro ce dai ta fara cewa ko a ɗaga biki zuwa baɗi. Ko bayan baɗi. Ka san mata. Ni kuma ina ta ba ta haƙuri."

Kowa ya san idan aka karya gurasa aure ya watse, ba saurayi ake nunawa da yatsa ba, yarinya ake nunawa. Hoji ya san haka sarai. Mutumin da ya je Makka ya dawo, ya zauna a kan shimfiɗar surukinsa yana cinikin mutuncin marainiya da kwanon farfesu! Wallahi idan na tuna sai jinina ya tafasa.

Ina shanya barguna wata safiya Izatullo ya tsaya zuba ruwa a motarsa. Shi ne mai babban baki a cikin direbobi, inda ya juya nan sauran ke juyawa. Ya ce, "Apa," haka ake kiran yaya mace a wurinmu, "zo ki ji abin mamaki." Ya kunna mini wayarsa. Muryar Aka Boymurod ce, amma kamar an ara masa ita. Nama mai taushi, in ji shi, shayi sabo, ɗakuna masu iska, mai gida mai karamci, ga wurin ajiye mota, ga ruwan alwala. Ya yi ta zuba har na gaji da tsayuwa. Mutumin da yabonsa kalma biyu ne!

"Ƙarya yake yi," na ce.

"Yo wa bai sani ba? Amma 'yarsa ce, Apa. Shi ya koya wa rabinmu tuƙi. Za mu rufa masa asiri har a yi biki."

Haka kuwa suka yi, kuma suna ganin sun yi abin kirki. Duk tsakiyar bazara, lokacin da hanya ta fi cika, motocin haya suka riƙa layi a ƙofar Hoji. Direbobin kansu ba sa cin komai sai shayi, sun san abin da ke cikin tukunya. Fasinjoji ne ke ci. Ni da ke ƙasa da su ni ke ganin sakamako, domin daidai gadata ciki ke fara murɗawa. Mota ta tsaya, tsohuwa ta fito a guje tana neman bayan gida, uwa ta riƙe kan jaririnta yana amai a bakin rafi. Na ba su ruwa, na ba su buta, ba wanda ke da cikin cin abincina. Fasinjoji suka riƙa zagin direbobi, direbobi suna haɗiyewa suna cewa saboda Aka ne. Kowace mota da ta tsaya a can da yunwar mutanenta, a wurina aka ɗebe ta.

An yi biki da farkon nunar tuffa. An ce ya yi kyau. Ban je ba.

Bayan biki da 'yan kwanaki, da la'asar, ina tsaye da tsumma a hannu na ga an sauke wani tsoho a bakin gada. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Ya hau baranda ya zauna ba sallamar kirki, ya ce a kawo abin da ke akwai. Na kawo masa farfesun rago da dankali, da shinkafa da karas, da koren shayi. Ya kwance ƙyallensa ya fito da gurasar kasuwa, busasshiya, don mai gasa masa ta tafi gidan miji. Ya shanshana farfesun, ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya cinye tas. Ya tashi ya shiga madafa ba izini, ya buɗe tulun mai ya leƙa, ya je ɗaki ya ɗaga katifa ya bi ɗinkinta da yatsa. Sannan ya kwanta a kanta.

Da safe ya tsaya a baranda, ya ɗaga waya a gabana. "Gidan Safarmoh, bayan gadar ƙarfe. Ku tsaya."

Na shiga madafa na yi kuka, ba na ɓoyewa. Na aika aka yanka rago, na ɗora babbar tukunyar da ban taɓa ɗorawa ba, na kira maƙwabciyata ta taya ni yanka karas. Bazara ta kusa ƙarewa amma da sauranta, kuma na san idan aka fara tsayawa yanzu za a ci gaba har ƙanƙara ta sauko.

Hantsi ya yi, motoci suna wucewa. Azahar ta yi, suna wucewa. Wasu su danna hon, wasu ko kallo. Aka Boymurod bai tafi ba, yana zaune yana duba wayarsa yana ajiyewa. Ya sake tura saƙon. Washegari ma haka, na ɗumama mana abin da za mu iya ci, sauran na raba wa maƙwabta, na sake dafa sabo don ban iya ba mutane na jiya ba. Da rana ta take sai tsohon ya tashi, ya sauka bakin titi, ya tsaya yana ɗaga wa motoci hannu kamar mai tallar tuffa. Mutumin da manyan masu gidaje ke rawar jiki idan sun hango hularsa.

Izatullo ne kaɗai ya rage gudu. Ya sauke gilashi, motarsa cike da mutane.

"Aka, mun ji saƙo, har sau biyu! Ita kuma wannan me kuka ƙulla? Akwai wata 'yar ce da ba mu sani ba?"

"Izatullo, ka sauko ka ɗanɗana. Cokali ɗaya."

"Cikin fasinjojina bai warke daga na wancan yabon ba." Ya leƙo ya hango ni a baranda, ya yi dariya. "Ko dai don maigidan yana Rasha ne, Aka? Ashe da sauranka!"

Motar ta kwashe da dariya. Ban san lokacin da na sauko ba, ludayi a hannuna. "Kai Izatullo, mara kunya, ɗan ƙaramin mutum! Uwarka ce a Rasha? Ruwan da kake zubawa a motarka kullum na gidan wa ne? Ku kuka kai mutane gidan guba da ƙafarku, kuna sane, yau kuma ni za ka yi wa ƙazafi a gaban ƙofata?" Ya ja gilashinsa ya taka mota, ya bar mu da hayaƙi.

Na juya kan tsohon. Ban duba furfurarsa ba, ban duba komai ba.

"Aka, ka cuce ni. Tun narkewar ƙanƙara nake jiranka. Da ka zo kafin ka sayar da bakinka, da yanzu mijina yana nan yana fiɗar rago. Kalma biyu na roƙa, ka kawo mini su bayan sun ruɓe. Wallahi da zagina ka yi, da sun tsaya ko don su ga abin da ka zaga!"

Ya koma baranda ya zauna, a nan ne ya ba ni labarin zuwan Hoji gidansa, daga farko har ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa. Da ya gama sai ya ce, "Na ɗauka ƙarya ɗaya ce, a kan gida ɗaya. Na ɗauka za su ware ta gefe." Ya ɗago ya dube ni. "Ƙanwata, da 'yarki ce fa?"

Na san amsar, kuma saninta bai rage mini haushi ko ƙwayar zarra ba. Shi ya aurar da tasa 'yar, tawa kuma ita ta biya da ubanta, ba wanda ya tambaye ta.

Ya ajiye kuɗin abincinsa da na kwanansa a ƙarƙashin kofin shayi, ya ɗauki jakarsa ya sauka titi. Motar farko da ya ɗaga wa hannu ta tsaya cak a ƙofata, direba ya fito da gudu ya buɗe masa gaba yana "Sannu Aka, a hankali Aka." Fasinjoji suna kallon tukunyata tana tururi ta gilashi, ba wanda ya ce su sauko. Tun daga ranar ba a ƙara jin muryarsa a zauren direbobi ba. An ce yana gida, yana dafa wa kansa, ba ya zuwa ko'ina sai masallaci.

Da yamma Nazarali ya kira. Ina jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa, yana ɗaga murya.

"Safarmoh, na ji an ce tsohon ya zo! Wani ɗan garinmu ya kunna mini saƙon a nan. Ku tsaya, ya ce! Na tambayi kuɗin jirgi, na faɗa wa mai aikin ƙarshen wata zan ajiye. Motoci nawa yau?"

'Yar autata tana jan zanina tana cewa a ba ta ta gaisa da Baba. Na juya mata baya.

"Nazarali," na ce, "ka koma wurin mai aikin ka ce wasa kake yi. Ka sayi rigar sanyi mai kauri, wadda ta rufe ƙirji."

Injin yana ta juyawa a bayansa. Sai ya yi tari, ya ce ana kiransa, ya kashe.